Zaɓen Rigar Ruwa

In damina ta kama, sai a nemi rigar ruwa. Amma ba kowace riga ke yi wa kowa daidai ba. Wata mace kafaɗunta sirara ne, ƙugunta kuwa da faɗi. Idan haka jikinki yake, ki fara awo daga ƙugu. Rigar da ta matse ƙugu ba ta rufuwa sosai, sai ruwa ya bi tsakanin maɓallai ya jiƙa ki.

Ki nemi mai buɗewa ta ƙasa, wadda ta sauko har gwiwa. Gajera tana ƙara nuna faɗin ƙugu, ga shi kuma ruwan da ya gangaro duk a kan zanenki zai zuba. Mai ɗamara ta fi kyau, don ana tsuke ta a tsakiya.

Ki gwada ta a kanti bisa tufafinki. Ki zauna, ki sunkuya, ki ɗaga hannu.

To, in kafaɗa ta yi ɗan yawa fa? Ki bar ta haka. Kada ki kai wa tela ya rage. Allura tana huda roba, ta nan kuwa ruwa zai riƙa shiga.