Alalen Safiyar Kirsimeti: A Soma Tun Da Wuri

Kowace shekara muna ganin abu ɗaya a ƙauyukanmu. Ran Kirsimeti maza da yara sun yi ado sun tafi sujada, uwargida kuwa tana bakin murhu, hayaƙi na cin idonta. Kafin ta gama, an tashi. Abin da ke cinye mata lokaci shi ne abincin safe na baƙi. To, akwai dabara. Alale abinci ne mai gina jiki, ga wake, ga ƙwai, ga kifi, kuma yawancin aikinsa ana iya gamawa tun da sauran kwanaki.

Ran 22 ga Disamba, a auna wake gwangwanin madara 6, a jiƙa shi minti 10, a surfa a turmi, a wanke har ɓawon ya fita duka. A shanya a tabarma mai tsabta. Iskar hunturu za ta busar da shi cikin kwana 2. In ya bushe sarai, a kai inji a niƙa, a rufe garin cikin kwano.

Ran jajibere da yamma, a wanke gwangwanaye wajen 20, a gyara busasshen kifi a cire ƙaya, a tanadi albasa 2, tattasai 4, attarugu 3, ƙwai 5, manja gwangwani 1, da gishiri. A ɗebo ruwa, a tara itace.

Da asuba, a dama garin da ruwan ɗumi, a bar shi rabin awa. Kafin nan a dafa ƙwai, a jajjaga kayan miya. A zuba manja da kifi da gishiri da jajjagen, a buga sosai. A shafa mai a gwangwanaye, a zuba ƙullun, a sa yankan ƙwai, amma kada a cika, gama yana tashi. A jera kara a gindin tukunya, a zuba ruwa kaɗan, a ɗora gwangwanayen, a rufe. Bayan awa 1 a soka tsinke. In ya fito ba ƙullu, ya nuna.

Wata za ta ce, don me ba za a dafa tun dare ba? Nan ne haɗarin yake. Ƙullun wake in ya kwana yakan yi tsami. Dafaffen alale kuwa, ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa a cikinsa ko bai canja wari ba, ya jawo amai da zawo, musamman ga yara da tsofaffi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba bisa wuta ba, ba cikin firji ba. Kada sanyin hunturu ya ruɗe mu, bai kai na firji ba. Mai firji tana iya dafawa tun dare, da safe ta sake turarawa har zafi ya ratsa ciki.

In za a ci bayan sujada, a bar tukunyar a rufe bisa garwashi, wanda ya rage a gida ya riƙa ƙara ruwa don tururi kada ya yanke. Maigida da samari su ɗauki surfe da ruwa da itace. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Bana mu tabbata uwargida ta tafi sujada tare da mu.