Amanar Zaɓar Wa Yaro Hanyar Karatu: Kira Ga Iyaye A Ƙanƙara, Faskari Da Sabuwa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya ɗaukaka ɗan Adam da ilmi. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, maganarmu ta wannan mako a kan 'ya'yanmu ce da ke makarantun sakandare a garuruwan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Kowa ya san irin wuyar da iyaye suka sha kafin yaro ya kai aji shida a wannan yanki. Ba mu manta daren 11 ga Disamba, 2020 ba, sa'ad da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, Allah Ya kuɓutar da su bayan kwana shida. To, yaron da ya jure wannan tsoro har ya sauke sakandare, babbar asara ce a ce ya rasa jami'a domin kurum ba wanda ya zaunar da shi ya nuna masa hanya.

Ƙasar nan tsohuwar gidan karatu ce. 'Yandoto, wadda take kusa da Tsafe, maƙwabciyar Faskari, ta yi suna wajen malamai tun kafin jihadin Shehu Usmanu. Malaman da ba su barin ɗalibi ya ɗauki littafin da ya ga dama. Sai ya gama Ahalari da Ishmawi da Iziyya sa'an nan a buɗe masa Risala, domin kowane littafi tsani ne na wanda ke gabansa. Karatun zamani ma haka yake da tsani, illa dai mu ne muka bar yara suna hawa ba jagora.

Imamu Gazali ya bayyana a cikin Ihya'u cewa likitanci da lissafi farilla ce ta kifaya, watau idan gari ya rasa mai yinsu, laifin yana wuyan kowa. Tun zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka san zaɓen yaro don wani fanni, gama shi ya dubi kaifin basirar Zaidu ɗan Sabitu ya umurce shi da ya koyi rubutun Yahudawa. Saboda haka idan asibitin garinmu ba likita mace da za ta duba matanmu, ko makarantar garinmu ba malamin Lissafi, kada mu tsaya ga zargin hukuma kaɗai.

Abu na fari da ya kamata uba ya sani shi ne, ana yanke hanyar yaro tun shekara uku kafin ya sayi fom ɗin jami'a, watau ranar da aka raba 'yan aji huɗu zuwa ɓangaren kimiyya da na adabi da na kasuwanci. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, tana jarraba ɗalibi a darussa huɗu, Turanci dole ne a cikinsu, maki duka 400. Mai son likitanci sai ya haɗa Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fizis. Mai son injiniya sai Turanci da Lissafi da Fizis da Kemistiri. Bayan wannan kuma ana neman kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO a darussan da suka dace da fannin. Wanda ya bi abokansa zuwa ajin adabi, alhali zuciyarsa na ga aikin asibiti, ya riga ya rufe wa kansa ƙofa tun bai sani ba.

Abu na biyu, tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, kuma tun 2021 ba a yin rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa. Yaron da bai taɓa sa hannu a kan kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, firgici zai cinye rabin lokacinsa. Har wa yau a lura da suna. Mu Hausawa mukan rubuta Muhammadu a nan, Mamman a can, wani wuri kuma a liƙa sunan gari. Lalle suna da ranar haihuwa su zo daidai a dukkan takardu. Kada kuma a miƙa wa mai shagon kwamfuta kuɗi a ce ya cika yadda ya gani, domin shi cinikinsa yake yi, bai san yaron ba.

Abu na uku, ƙofa ba ɗaya ba ce. A Jihar Katsina akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da aka kafa a 2006, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ta 2011, da Jami'ar Al-Qalam mai zaman kanta ta 2005. Ga Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman Katsina, ga Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita a Dutsin-Ma, ga makarantar ungozoma a Malumfashi da ta koyon aikin lafiya a Kankiya. A Funtuwa, nan kusa da gida, Jami'ar Ahmadu Bello tana da makarantar share fagen shiga jami'a, inda wanda ya ci jarrabawar IJMB zai iya farawa daga aji biyu. 'Ya'yanmu na makarantun Arabiyya su ma suna da takardar hukumar NBAIS, wadda jami'o'i da dama ke karɓa. Wanda bai sami likitanci ba kada ya zauna shekara uku a gida yana jira, alhali ga aikin jinya, ga malanta, ga ilmin noma, a ƙasar da masara da auduga suke riƙe da ita.

Game da kuɗi, a 2024 aka sa hannu a dokar ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati rance ta asusun NELFUND, rancen da ba ruwa a kansa, ana fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Amma fa bashi amana ne, kada mai ci ya ɗauke shi ganima.

To, ina namu aikin? Ku ma'aikatan gwamnati, kun bi wannan hanya kun san ramukanta. Zakkar saninku ita ce kowane ɗayanku ya ɗauki yara biyu ko uku na unguwarsu, musamman marayu da 'ya'yan waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka, ya zauna da su tun suna aji uku, ya tambaye su abin da suke so, ya duba sakamakonsu, ya faɗa musu gaskiya. Ku kuma 'yan kasuwa, daga Sheme har Sabuwa, kuɗin fom da na mota zuwa wurin jarrabawa bai kai ribar buhunan masara kaɗan ba, ga shi kuwa ilmi mai amfani yana cikin ayyukan da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa. Limamai su ba da zauren masallaci rana ɗaya a kowane hutu, a kira likita da malamin makaranta da malamin gona 'yan garin su yi wa yara bayani, a kuma shirya wa 'yan mata nasu zaman tare da mata ma'aikata.

Daga ƙarshe muna jan hankalin iyaye, kada a tilasta wa yaro fannin da Allah bai ba shi ƙwaƙwalwarsa ba domin kurum a kira uba baban likita. Addininmu ya hore mu da shawara, ya kuma koya mana istihara. A fara da bincike, a yi shawara da masana da yaron kansa, a yi istihara, sa'an nan a dogara ga Allah.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ba su ilmi mai amfani, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu. Amin.