G11: Bindigar da Ba Ta Kai Fagen Daga Ba

Duk inda aka yi harbe-harbe, abin da ake tsinta a ƙasa shi ne kwanson harsashi. Injiniyoyin Jamus ta Yamma sun ɗauki wannan kwanso a matsayin nauyin banza a jikin soja, don haka tun ƙarshen shekarun 1960 suka ƙudiri aniyar rabuwa da shi. Kamfanin Heckler & Koch, mai bindigar G3 da jami'an tsaron Najeriya suka daɗe suna rataye da ita, ya haɗa gwiwa da Dynamit Nobel, suka fito da G11.

Harsashinta ba shi da kwanso. Albarushin ne aka daskarar ya zama ɗan curi mai kusurwa huɗu, aka binne ƙwayar harsashi mai kaurin milimita 4.73 a cikinsa. In an harba, curin ya ƙone ƙurmus, babu abin tofarwa. Shi ya sa take sakin harsashi uku a jere da gudun kimanin 2,000 a minti, na ukun ya bar bututu tun kafin naushin bindigar ya iso kafaɗar mai harbi.

Ashe kwanson da aka raina yana da ranarsa, domin shi yake ficewa da zafi. Da aka cire shi, cikin bindigar ya riƙa ɗaukar zafi har harsashi ya tashi da kansa ba a taɓa kunama ba. Wannan ne ya fitar da ita daga gwajin NATO na ƙarshen shekarun 1970. Sai da aka haɗa sabon albarushi mai jure zafi kafin aka shawo kan matsalar. Cikin bindigar kuwa, saboda sarƙaƙiya, wanda ya buɗe sai ya rantse agogo ne; ban ga yadda kurtu zai gyara ta cikin taɓo ba.

Amurka ta gwada ta tare da wasu bindigogi uku a shirinta na ACR na neman sabuwar bindigar soja, amma babu wadda ta cika sharaɗin ninka ingancin M16A2 da sojojinta ke riƙe da ita a lokacin. Sannan a 1990 Jamus biyu suka haɗe, Yaƙin Cacar Baka ya zo ƙarshe, kuɗi suka koma gina gabashin ƙasar, aka jingine maganar sayen G11. Heckler & Koch ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, har kamfanin Royal Ordnance na Birtaniya ya saye shi a 1991. Daga baya sojojin Jamus suka karɓi G36, mai harsashi da kwanso irin na kowa.