Azuminmu Na Kwana Arba'in Da Wayar Hannu



A zamanin nan, duk mai riƙe da wayar hannu ba ya bukatar duba kalanda kafin ya san Larabar Toka ta zo. Tun kafin hantsi ya dubi ludayi, Facebook da WhatsApp sun cika da hotunan goshi mai alamar gicciye, daga Gusau, daga Tsafe, daga Bungudu, har da na 'ya'yanmu da ke karatu a Zariya ko neman abinci a Abuja. Bayan hotuna sai saƙonni su biyo baya, wannan ya turo aya, wancan ya turo addu'a, wani kuma ya sanar wa duniya abin da ya ƙudura zai bari har zuwa Ista. Mu da ke koyar da masu shirin baftisma a yankin Magami, tambayar da matasa suka fi yi mana a wannan lokaci ita ce, shin laifi ne mutum ya sa hoton tokarsa a waya? Tambayar ta fi ƙarfin amsar i ko a'a, shi ya sa muka ga ya kyautu mu kawo ta nan.

Bari mu fara da tuna wa juna abin da ake yi. Azumin da aka fi sani da Lent yana farawa ran Larabar Toka, ya kai mu har jajibirin Ista. Wanda ya ƙirga zai sami kwana 46, amma ba a lissafa Lahadi shida da ke ciki, gama kowace Lahadi ranar tunawa da tashin Ubangiji ce. In an cire su, saura 40, daidai da kwanakin da Yesu ya yi yana azumi cikin jeji. Ranar Ista kuwa ba ta tsaya wuri ɗaya ba, tana bin tsayuwar wata, tana faɗawa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Saboda haka a 2025 aka shafa toka ran 5 ga Maris, a 2026 kuma ran 18 ga Fabrairu. Tokar kanta daga ganyen dabinon da aka riƙe a Lahadin Dabino ta bara ake samunta, a ƙone shi, a tankaɗe, a sa masa albarka. Ma'anarta a fili take, wato mu ƙasa ne, ƙasa za mu koma, mu tuba tun da sauran lokaci.

A Ikkilisiyar Katolika, wadda limaman ƙungiyar Dominikan daga Amurka suka kafa mata tushe a Gusau cikin shekarun 1950, dokar ba ta da tsanani kamar yadda wasu ke zato. Azumin dole kwana biyu ne, Larabar Toka da Jumma'ar da aka gicciye Ubangiji, ga mai shekara 18 zuwa 59, a ci cikakken abinci sau ɗaya, a ɗan taɓa kaɗan sau biyu. Daga shekara 14 kuma ana barin nama kowace Jumma'a ta Lent. (A nan tsofaffinmu na ƙauye sukan yi dariya, su ce wanda rabonsa da nama tun Kirsimeti ai ya riga doka.) 'Yan'uwanmu na Angilikan da ke ƙarƙashin dayosis na Gusau su ma suna kiyaye lokacin, da yawa suna kame baki daga safe zuwa azahar ko yamma, sa'an nan su taru a yi addu'a. Waɗansu ikkilisiyoyi kuwa ba sa shafa toka, suna da nasu lokutan azumi, ba kuma abin faɗa ba ne.

To, ga inda gizo ke saƙar. A ranar da ake shafa mana toka a goshi, inda kowa zai gani, a ranar ce ake karanta mana Matiyu sura 6, inda Ubangiji ya ja kunne a kan abu uku, sadaka da addu'a da azumi, cewa kada a yi ko ɗaya domin idon mutane. Ya ce mai azumi ya wanke fuska, ya gyara jikinsa, kada ya ɓata rai don a gane. Yaro mai hankali zai ce, Malam, to me ya sa ake sa mana alama a goshi? Amsar da muke bayarwa ita ce, toka ba lambar yabo ba ce. Ba ta cewa ga mai tsarki, cewa take yi ga mai zunubi, ga wanda zai mutu. Ba mutum ne yake shafa wa kansa ba, a layi yake tsayawa tare da kowa, mai mota da mai jaki, a shafa musu iri ɗaya. Amma da zarar ya koma gefe, ya gyara ɗaurin ɗankwali ko wuyan riga, ya ɗauki hoto sau biyar don ya zaɓi wanda ya fi kyau, ya zauna yana ƙirga mutum nawa suka yaba, to abin ya juye. Alamar ƙasƙanci ta zama kwalliya. Hausa tana da kalma ɗaya tak da ta ƙunshi wannan duka, ita ce riya, kuma maƙwabtanmu Musulmi sun san haɗarinta kamar yadda muka sani. Ba mu ce duk wanda ya sa hoto mai riya ne ba. Akwai ɗalibin da ke nesa da gida, wanda hoton nan shi ne hanyar da zai gaya wa uwarsa cewa bai bar hanya ba. Shi da Allahnsa ne suka san niyya.

Kada kuma wani ya ɗauka mun zo yaƙi da waya ne. Wanda ya san hanyar da ta tashi daga Gusau ta bi ta Magami zuwa Ɗansadau ya san halin da ta shiga a shekarun nan saboda 'yan bindiga, har ta kai sau da yawa sai da rakiyar jami'an tsaro ake bin ta. Fada ko fasto ba zai iya zagaya ƙananan majami'u yadda aka saba a da ba. Iyalai da dama sun watse, wasu suna Gusau, wasu Funtuwa, wasu sun nausa Kaduna. A irin wannan hali saƙon murya ya zama babban mai aikin bishara. Mutum ɗaya ya karanta karatun ranar da Hausa, ya yi gajeren bayani, ya tura, sai a ji shi a gidaje da yawa, har tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta kasa kunne tana tsinkar zogale. Ran Jumma'a, waɗanda ba su iya fitowa Hanyar Gicciye ba suna bin tashoshi 14 ɗin daga ɗaki. Matan zumunta suna tara gudummawar marar lafiya cikin yini guda, abin da a da sai an jira Lahadi. Mun ƙara gane darajar wannan a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a faɗin Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Makonni aka yi mutum bai san ko ɗan'uwansa na raye ba, wasu sai sun yi tafiya zuwa Funtuwa a Jihar Katsina kafin su buga waya guda. Wanda ya ga wannan ba zai ce waya kayan Shaiɗan ce ba.

Abin da ya fi damunmu ba hoton toka ba ne, hoton sadaka ne. Lent tana zuwa ne a ƙarshen hunturu da shigar bazara, lokacin da rumbu ya fara yin ƙasa, kuma a yankinmu akwai waɗanda ko noman ba su samu yi ba domin gona ta gagara zuwa. Gwauraye da marayu da 'yan gudun hijira sun yi yawa. Daidai ne ƙungiyoyin ikkilisiya su tara masara da gero da sabulu su kai musu, gama annabi Ishaya a sura 58 ya nuna cewa azumin da Allah yake so shi ne wanda ya kai ga ciyar da mayunwaci da tufatar da marar sutura. Amma dubi yadda ake yi yanzu. A jera matan a rana, a ɗora wa kowace mudu biyar a ka, a ce ta tsaya tukuna, mai waya bai gama ba. Mun ga wata uwa, wadda a garinsu ita ce mai ciyar da baƙi kafin a kore su, ta ja mayafi ta rufe fuska, ana ce mata Mama ki buɗe mana a ga murmushi. Ta buɗe, domin jikoki na jiran hatsin. Da yamma hotonta ya zagaya, surukanta sun gani, 'ya'yanta da ke birni sun gani. An ba ta hatsin kwana huɗu, an karɓe mata rufin asirin da ta yi shekara sittin tana tattali. Masu yin haka sukan ce ai shaida ce ga waɗanda suka ba da kuɗi, don kada a ce an ci. Wannan hujja tana da ƙarfi, ba mu raina ta ba, gama amana abu ce mai nauyi. Sai dai ana iya ɗaukar hoton buhuna, a rubuta lissafi, ma'aji da dattawa biyu su sa hannu, a karanta a gaban jama'a. Ba sai an haɗa da fuskar mai karɓa ba.

Akwai kuma batun tsaro, wanda ɗan'uwa da ke Legas ko Jos ba lallai ya tuna da shi ba in yana ba mu shawara. Ba asiri ba ne cewa mutanen daji suna da wayoyi, wasunsu har bidiyo suke sakawa a TikTok, kuma suna da masu kai musu rahoto a cikin gari. Sanarwar da ta ce za a yi addu'ar dare a wuri kaza, ƙarfe kaza, babban baƙo zai zo daga Gusau ta hanya kaza, in ta fita daga hannun mutum goma, ba wanda ya san inda za ta kwana. Haka hoton da ya nuna wane ne ya ba da buhu ashirin. Mai sakawa yana nufin yabo, wani kuwa yana karanta shi a matsayin jerin masu abin biyan fansa. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. A nan ƙasar, umarnin da Ubangiji ya bayar na yin alheri a ɓoye ya zama har da kariyar rai.

Sai zancen maƙwabta. A 2025 watan Ramadan ya kama ran 1 ga Maris, kwana huɗu kafin Larabar Toka, a 2026 kuma azumin biyu suka fara cikin mako guda. A kasuwa da tasha abin gwanin daɗi, muna yi musu barka da shan ruwa, su ma suna tambayarmu yaya namu azumin, ƙosai da kunu suna ƙetare katanga kamar yadda aka gada. A waya ne ake samun masu tsokana ta kowane ɓangare, wannan ya ce azumin da ake shan ruwa ba azumi ba ne, wancan ya mayar da wadda ta fi ta zafi. Muna roƙon matasanmu da babbar murya, kada ku shiga. Mu ƙalilan ne a Zamfara, kuma ko da muna da yawa, gardama ba ta cikin abin da aka ce mu yi a kwanakin nan. Ba mu manta da abin da ya faru a Sakkwato a watan Mayu na 2022 ba, inda saƙon murya a zauren WhatsApp na 'yan aji ya zama sanadin kashe wata ɗaliba, kisan da Sarkin Musulmi da Bishop Matthew Hassan Kukah duk suka yi tir da shi. Magana zarar bunu ce, ta waya kuwa ta fi, domin ko ka goge wani ya riga ya adana. In abokinka Musulmi ya tambaye ka da kyakkyawar niyya me ya sa azuminku ya bambanta, ka zaunar da shi a inuwa ka yi masa bayani baki da baki.

Marigayi Paparoma Francis, a jawabinsa na Larabar Toka ta 2020, ya shawarci masu bi su rage kallon talabijin da riƙon waya a lokacin Lent, su ba Littafi Mai Tsarki wannan lokacin. Wasu matasanmu sun ɗauki shawarar, sai dai abin dariya, sukan fara da sanar wa Facebook cewa za su bar Facebook, bayan kwana uku su leƙo su ga wa ya yi kewarsu. A wurinmu barin waya ɗungurungum ba zai yiwu ga kowa ba, da ita ake jin ko hanya ta yi kyau, da ita ake karɓar kuɗi daga 'ya'ya. Abin da ya fi sauƙi shi ne a yanka mata lokaci. Wani gida sun sa dokar cewa daga faɗuwar rana zuwa bayan addu'ar iyali, duk wayoyi suna cikin kwano ɗaya a ɗakin Baba. Wani saurayi kuma ya raba kuɗin datarsa na mako biyu, rabi ya saya, rabi ya jefa a akwatin gwauraye, ba mu kuwa ji labarin daga bakinsa ba, ma'aji ne ya lura akwatin ya ƙara nauyi.

Ga masu kula da zaurukan WhatsApp na majami'u a Gusau da Tsafe da Bungudu, ga abin da muka ga yana aiki a wajenmu. Karatun rana da bayaninsa a tura da sassafe, da Hausa, kada ya wuce minti biyar domin masu ƙaramin caji. Lokaci da wurin taro, musamman na Mako Mai Tsarki, a faɗa a majami'a ko a aika da wanda aka sani, ba a zaure ba. In an kai taimako, a ba da lissafi ran Lahadi, sunayen masu karɓa kuwa su tsaya a littafin ma'aji. Yaran da za a yi wa baftisma a daren Ista, a nemi yardar iyayensu kafin kowa ya ɗaga waya.