Taɓon da Ke Danne Rijiya

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon masu haƙa burtsatse a Wurno ko Rabah ya san ramin nan da suke fara tonawa a gefe, su cika shi da ruwa, su dama taɓo. Inji ya tura taɓon ta bututu har ƙasa, ya dawo ɗauke da yashi da tsakuwa, ya sake faɗawa ramin. Yara na ɗaukarsa ƙazanta. Ogan aiki kuwa ya fi sa wa ramin ido a kan injin.

Masu haƙar mai a tsakiyar teku ma da taɓo suke aiki, sai dai abin da ke ƙarƙashinsu ba ruwan fadama ba ne mai ladabi. Mai ne da iskar gas a matse, suna neman kafa. Nauyin taɓon da ke tsaye cikin rijiya shi ke danne su, shi ya sa ake zuba masa garin wani dutse mai nauyi, barait. Damun kuwa sai gwani. In ya yi ruwa-ruwa, gas ya kutso. In nauyi ya yi yawa, dutsen ƙasa ya tsage, taɓo ya zurare kamar ruwan fangalin shinkafar da ɓera ya huda wa kunya.

Ran da taɓon tanki, wanda shi ne madadin ramin nan a teku, ya ƙaru alhali ba wanda ya ƙara ko bokiti, to baƙo ya shigo ta ƙasa. Turawa na cewa rijiya ta yi shuri, kuma sunan ya dace, don jaki ma ba ya sallama kafin ya ɗaga ƙafa. Mugun halin gas shi ne kumbura yana hawa, kamar kumfar kwalbar lemo da aka girgiza.

Manomin Wurno, in ya ji an buɗe ƙofofin madatsar Goronyo, yana iya ƙiyasta lokacin da ruwan Rima zai iso gonarsa. Shekaru suka koya masa. Injiniya ba shi da wannan gata, kowace rijiya sabuwa ce. Sai ya ba kwamfuta zurfi, faɗin bututu, zafi da nauyin taɓo, ta gwada masa shurin tun ba a kafa inji ba: minti nawa gas zai yi kafin ya iso, yaya za a rufe bakin rijiya a kore shi a hankali.

A ganina lissafin bai kai idon mai gadin tanki ba. In gas ya kuɓuce, ga abin da ke biyo baya: ranar 20 ga Afrilu 2010, a Tekun Meziko, ana cikin musanya taɓon rijiyar Macondo da ruwan teku gas ya taso, na'urar da ke rufe bakin rijiya ta kasa, mutum 11 suka rasu, mai ya kwana 87 yana malala. A Janairun 2012 dandamalin haƙa na KS Endeavor ya kama wuta a gaɓar Bayelsa, ma'aikata 2 suka rasu, wutar ta fi wata guda tana ci a kan ruwa.