Tilo da Jam'i a Harshen Hausa

Ɗalibin da ya fara koyon Hausa yakan yi tambaya: wace ƙa'ida ce ake bi a mayar da suna tilo ya zama jam'i? Amsar ita ce, hanyoyin suna da yawa, kuma jinsin suna ba ya nuna wadda za a bi.

A wasu harsuna jinsi ne jagora. A Konkani, harshen hukuma na jihar Goa a Indiya tun 1987, suna namiji mai ƙarewa da -o yakan koma -e: ghoddo, wato doki, jam'insa ghodde. Sunan tamata mai -i kuwa yakan koma -yo: ghoddi, wato goɗiya, jam'inta ghoddyo. A Hausa abin ba haka yake ba. Riga tamata ce, ɗaki namiji ne, amma duka biyu hanya guda suke bi: riguna, ɗakuna. Bugu da ƙari, da zarar suna ya zama jam'i, bambancin jinsi ya ɓace. Mukan ce rigar Binta da ɗakin Binta, amma rigunan Binta da ɗakunan Binta.

Ga wasu manyan hanyoyi a Hausar Kano, wadda aka gina daidaitacciyar Hausa a kanta. Akwai maimaita baƙin ƙarshe tsakanin o da i: taga, tagogi, hanya, hanyoyi. Akwai ƙara -ai: malami, malamai. Akwai -aye: kifi, kifaye. Akwai maimaita baƙi tsakanin a da e: wuri, wurare. Sunayen al'umma sukan yar da ba- su ɗauki -awa: Bahaushe, Hausawa. Kowace hanya da karin sautinta. Paul Newman ya bayyana su dalla-dalla cikin babban littafinsa na nahawun Hausa na 2000.

A lura, baƙaƙen t, s da d sukan sauya a gaban i ko e. Shi ya sa ake cewa motoci, ƙasashe da gidaje. Wasu sunaye kuma sai hadda: mace, mata, akuya, awaki, sa, shanu.

Saboda haka, ɗalibi ya riƙa koyon kowane suna tare da jam'insa tun ranar farko.