Inda hawa yake ƙarewa

Mai lambu yana da wayar shinge mita 40, katangar gidansa kuma za ta tsare masa gefe ɗaya. Yaya zai ja wayar a sauran ɓangarori uku ya sami fili mafi girma? In faɗin lambun x ne, tsawonsa 40 − 2x ke nan, girman filin kuwa 40x − 2x². Faɗin mita 1 zai ba shi murabba'in mita 38, mita 2 ya ba shi 72. Amma daga mita 9 zuwa 10 ƙarin bai wuce 2 ba, 198 ya zama 200. A mita 11 an koma 198.

Ashe idan aka doshi ƙololuwa, canji yakan yi sanyi har ya tsaya cak. Johannes Kepler ya lura da haka a littafinsa na 1615 kan auna gangunan giya. Pierre de Fermat, masanin shari'a a Faransa, ya mai da lurar hanyar aiki wajen shekarun 1630, sannan a 1684 Leibniz ya buga maƙalarsa ta kalkulas a Leipzig, da sunan sabuwar hanyar gano mafi girma da mafi ƙanƙanta. Tun kafin su duka, a ƙarni na 12, Sharafuddin al-Tusi ya nemi ƙololuwar wasu lissafai masu x³ domin ya san ko suna da amsa.

A kalkulas, saurin canjin filin nan shi ne 40 − 4x. Ya zama sifili a x = 10, wato lambu mai mita 10 da mita 20.

Abin da ke damuna shi ne ɗalibi ya haddace "mai da shi sifili" ya tsaya nan. Sifilin nuni ne kawai, sai an bincika. Saurin canjin x³ sifili ne a x = 0, alhali babu ƙololuwa babu kwari a wurin, lissafin ya ɗan numfasa ne ya ci gaba da hawa. Dole a duba hagu da dama: in hawa ya juye gangara, ƙololuwa ce, in gangara ta juye hawa, kwari ne.

Sai kuma iyaka, wadda aka fi mantawa da ita. A ce tsakanin katangar da hanya mita 8 ne kacal. Mita 10 ba ta samuwa, don haka mafi girman abin da mai lambun zai samu shi ne 8 sau 24, murabba'in mita 192, a wurin da saurin canjin yake 8, ba sifili ba.